Obin Ɗin Da Ya Kusa Ƙone Mini Kaki

A shekarun da kuɗin mai ya fara zuba, ko akuya ka tare a Keffi ka tambaye ta me take so, rediyo za ta ce maka. Kowa ya sayi abin da bai san kansa ba. Mijin yayata babban ma'aikacin gwamnati ne, shi bai tsaya a rediyo ba. Obin ya saya, wato tanderun gashi na lantarki, mai hawa biyu, ɗaya bisa ɗaya kamar gidan sama, irin wanda ake fasa bango a cusa shi ciki.

Ni na ɗauko shi daga Ikko. Lokacin ina tuƙa babbar motar wani Alhaji, in kai doyar Panda kudu, in dawo da abin da ya samu. Na naɗe obin ɗin nan da katifa da barguna. Ramukan da na saba faɗawa a guje, a wannan tafiyar sai na yi musu sallama kafin in shiga. Kuma ba don zumunci kaɗai na yi ba, mijin yaya ya yi mini alkawarin aikin direban gwamnati. Kaki, hula, fansho, da kujerar da ba ta cizon mutum. Na gaji da kwanan tasha.

Birkila ya fasa bangon kicin, aka saka, aka haɗa da janareta. Rabin mutanen unguwar Jigwada sun zo kallo. Yaya ta yi kek, ta gasa kaji, maƙwabta suka ci suna santi. Mutum ɗaya ce ba ta ɗanɗana ba, Inna, mahaifiyar mijin yaya. 'Yar guntuwar tsohuwa ce, in ta tsaya kusa da turmi sai ka duba da kyau kafin ka gane wanne ne turmin. Ta ce ita ba ta cin abin da aka dafa a cikin bango. Aikinta a gidan guda ne, yaƙi da tsaka. Kullum takalmi na hannunta, don a wurinta in tsaka ta lashi abinci, to kuturta ta shigo gida.

Ana nan sai obin na ƙasa ya haukace. A sa shi a ƙaramar lamba, a juya baya, kaza ta fito gawayi. Biredi kuwa, wani da yaya ta jefar, kare ya ɗauka ya dawo da shi. Murfin ya yi zafin da ba a taɓawa, fentin bango ya fara tashi. Na sama kuma lafiyarsa lau, kamar ba uwarsu ɗaya ba.

Yaya ta ce bakin mutane ne, da ma ta ga irin kallon da wata maƙwabciya ta yi masa. Mijin yaya kuwa sai ya aika a kira ni. Tsakanina da shi akwai wasan ƙanin mata, ban taɓa shiga gidan bai tsokane ni ba. Ranar kuwa kujera ya nuna mini, ya sa aka kawo mini shayi. Tun daga shayin na san babu lafiya.

Ya ce, "Direba, da kuka taso daga Ikko, ka tsaya a wani wuri?"

Na ce, "Yallaɓai, mota ce, ba tsuntsu ba."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Na ji an ce wasu direbobi, in aka ba su sabon kaya, sukan ratse wurin masu gyara a cire hanjin a sa tsoho."

"Wasu ko ni?"

"Ni ban kama suna ba. Sha shayinka." Ya juya cokali a kofinsa, ya ƙara da cewa, "Maganar aikin nan, a ɗan dakata tukuna."

Na fita ina jin kakin nan yana zamewa daga jikina tun ban sa shi ba. Daga ranar ni ma na kamu da ciwon zargi. Na zargi mai shagon Ikko. Na zargi birkila, na bi shi har wurin aiki ina masa tambayoyi, ya ce in na ƙara sai ya shafe ni da siminti. Har yaya na tambaya ko ta tabbata ta san lambobin nan, ta ɗago muciya, na tuna ina da uzuri a waje.

Ni ban san komai a kan obin ba. Amma a mota, in fitila ɗaya na ci ɗaya ba ta ci, mai cin kake tambaya. Sai na zo da hantsi, bayan maigidan ya tafi ofis, na ce wa yaya ta kashe janareta ta ba ni wuri. Janareta dai na wanke shi daga zargi, tunda wuta ɗaya suke sha su biyun. Na cire makunnin sama na sa a ƙasa, muka gwada da biredi, ya ƙone kamar jiya. Na shafa robar bakin murfin, babu inda ta yage. Da ya huce, na cusa kaina cikin na sama da tocila, na fito, na durƙusa na cusa a na ƙasa. Yaya na tsaye tana cewa in na gasu ba ita ta aike ni ba.

A bangon baya na na sama akwai wani siririn ƙarfe kamar tsinken tsire, ya leƙo ta wani ɗan rami. A na ƙasa babu shi. Inda ya kamata ya kasance, wani dunƙulen yumɓu ne, ya gasu ya yi ja kamar tukunya. Na ƙwaƙule shi da sukudireba, ga rami. Na lanƙwasa waya na zura, na yi ta lalube har na kamo tsinken, ashe tura shi aka yi ya faɗa baya. Na jawo shi a hankali na maƙala shi yadda na ga ɗan'uwansa. A raina na ce wataƙila wannan shi ne irin abin da ke gaya wa allurar mota inji ya yi zafi. An fitar da shi waje yana shan iska, shi ya sa obin ke ta hura wuta yana jiran a ce ya isa.

Yaya ta sa biredi. Ya fito ja-ja, yana ƙamshi. Na zauna na miƙe ƙafa ina jiran yabo.

Mijin yaya ya dawo, ya ci biredin, ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ikon Allah. Direba, yaya aka yi ka san daidai inda za ka sa hannu?"

Wato gyaran ma ya zama shaida a kaina.

Na koma tsakar gida ina juya dunƙulen yumɓun nan. Irin wanda ake liƙe murhu da shi ne, ga shatin ɗan ƙaramin yatsa a jiki. Kuma me ya sa na ƙasa kaɗai? Wane ne a gidan nan hannunsa ba ya kaiwa na sama? Na ɗaga kai, ga Inna can tana bin bango da takalmi.

To, amma wa zai tsaya a gidan mutum ya nuna uwarsa da yatsa? In na faɗa, aikin ya tafi, zaman yayata ma ya yi tsami. Sai na shiga kicin na wangale murfin na ƙasa, na roƙi mijin yaya ya zo in nuna masa abin da na taɓa. Yana shigowa na ɗaga murya yadda za a ji a tsakar gida, na ce, "Yaya, kamar tsaka na gani ta shige nan."

Kafin in rufe baki Inna ta iso da takalminta. Ta ture ɗanta gefe, ta leƙa ciki, ta miƙe tana huci.

Ta ce, "Wane marar hankali ne ya buɗe ramin nan? Da idona na ga wutsiyar tsaka ta leƙo ta nan, doguwa, ta sandare. Na tura ta da muciya na liƙe wurin da hannuna. Ga ta nan ta dawo. So kuke ku kuturtar mini da jikoki?"

Yaya ta juya tana goge tukunyar da ba ta da datti. Mijin yaya ya kalli rufi, ya kalli uwarsa, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Inna." Ni dai na kama hannunta na sa ta taɓa tsinken, don ta ji ƙarfe ne. Ta taɓa, ta goge yatsanta a zani, ta ce ita dai ba ta yarda da shi ba.

Bai ba ni haƙuri ba, manya ba sa yi. Da zan tafi ya rako ni bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Gobe ka biya wurin tela ya auna ka. Ka ce masa kaki ne." Har na yi gaba ya ƙara da cewa, "Kuma motar gwamnati, na san yadda hanjinta yake."

Na sa kakin, na ci fanshon. Inna kuwa har ta koma ga Allah ba ta daina yi mini kallon ɗan leƙen asirin tsaka ba. In na shigo gidan, sai ta jawo kwanonta ta rufe da faifai.