Tukwanen Jibo Mai Albasa

Ku da kuka zauna Yelwa a wancan lokaci kun san cewa in Jibo Mai Albasa ya dawo daga tafiya, ba matarsa yake fara gaisarwa ba. Ɗakin tukwane yake wucewa. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya shiga ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, yana kara kunne. Sai ya ji kowace ta amsa masa da muryar da ya bar ta, sannan ya leƙo tsakar gida ya ce, "Kulu, mun iske ku lafiya?"

Ita kuwa Kulu ko ɗaga kai ba ta yi. "Ka tambayi na ciki, ai sun gaya maka."

Ni Tumba taubashiyarsa ce, uwarsa da ubana ciki ɗaya. Saboda haka abin da kowa ke jin nauyin gaya masa, ni nake gaya masa. Na kuwa gaya masa har na gaji, bai taɓa ji ba.

Fataucin albasa ya kai shi ko'ina: Wara, Ngaski, Shanga, tungayen bakin ruwa, wani lokaci har Kontagora da Bida. Kowane matafiyi yakan dawo wa iyali da tsaraba, ko rake ne ko ƙuli-ƙuli. Jibo kansa yake yi wa tsaraba. Yara su rugo suna oyoyo, ya sauke wani ƙunshi na ciyawa da tsumma, ya shiga kwancewa a hankali suna haɗiyar miyau. Can sai ga kasko. Haka ya cika ɗaki guda da randuna da tuluna da shantula, ga tsofaffin fitilun aci-balbal, ga mundaye masu tsatsa, har da wani zago, irin mashin farautar ruwa, da ya ce da shi aka kashe dorina tun kafin a tare kogi a Kainji. Kowace tukunya da sunan garin da ta fito: wannan 'yar Wara, waccan 'yar Shanga. Doka ɗaya ce a kansu, ba ruwa ba wuta.

Abin da Kulu ta roƙa tun tana amarya har ta yi jikoki bai wuce randa ɗaya ba. Kun dai san bazarar Yawuri. Mace da randuna cike da ɗaki, amma ruwan bokitin ƙarfe take sha, mai ɗumi kamar na wankan jego. Za ku ce me ya hana ta sayi tata? Ta saya! Ta kai ta gindin bedi ta girke, kafin ta ɗebo ruwa Jibo ya shigo ya ƙwanƙwasa ta. Ya ce kai, wannan muryarta ta yi daɗi da yawa, zunubi ne a ɓata ta da ruwa. Ya rungume ta ya kai ɗaki. Daga ranar Kulu ta rantse ba ta ƙara sayen wata, cikin na ɗakin nan za ta sha ko ta haƙura. Shi taurin kai, ita taurin kai, aka zauna a haka.

Wata rana mun taso daga kasuwar Wara jirgi ɗaya da shi, ni da kwandunan kifina, shi da buhunan albasar da ya saro, da wani ƙaton tulu mai zane a wuya da ya saya wurin wata tsohuwa. Ya tuɓe babbar rigarsa ya naɗe tulun, ya zauna daga shi sai 'yar shara. Muna tsakiyar ruwa hadari ya haɗo, iska ta taso, ruwa ya fara faɗowa cikin jirgi. Mata na salati, muna kwarfewa da ƙwarya. Mai jirgi ya ce a rage kaya. Masu itace suka fara tura damunansu. Mai jirgi ya waiwayo ya nuna tulun.

"Malam Jibo, wancan da ka rungume, a sallame shi."

"Wanne?"

"Tulun mana!"

Jibo ya ƙara rungume tulun. Ya miƙa ƙafa ya dafa buhun albasarsa, ya tura shi, tsulum. Ya tura na biyu.

Na ce, "Jibo, ka haukace? Abincin 'ya'yanka ka zuba a ruwa!"

Ya ce, "Tumba, albasa baɗi ma tana fitowa. Tsohuwar da ta gina wanga tulu haƙori ɗaya ya rage mata."

Allah Ya kai mu gaci lafiya. Muna sauka na ce masa to sannu, yau kifin Kainji ya samu kayan miya, saura ka kai musu gishiri. Ya ce in riƙe masa takalmi, kada ya zame da tulu.

Sai kuma wata baƙar tukunya mai faɗin baki da ya samo a ƙauyukan dutse, can bayan Ngaski. Ya ce a bayan wani gida ya gan ta a kife, matar gidan ta bar masa tana dariya. Tukunyar tana da wani ƙamshi mai ɗan tsami, shi kuwa ya yanke hukunci cewa tukunyar zumar sarakunan da ce. Ya girke ta a zaure don mutane su gani kafin ta shiga ɗaki. Ranar na kawo wa Kulu kifi, na iske shi da limamin unguwa a zauren. Na durƙusa na gaishe su, na kuma ƙi wucewa.

"Allah gafarta Malam," in ji Jibo, "sa hanci ka ji."

Liman ya duƙa ya zura kai har rawani na gogar bakin tukunya. Muryarsa ta fito daga ciki. "Masha Allahu! Zuma ta gaske, irin ta da. Yanzu ina ake samun wagga?"

Ana haka sai ga Magaji ya yi sallama, wani Bakambare abokin Jibo da ke kawo masa dawa. Ya dubi tukunya, ya dubi liman da kai a ciki. Dariya ta kama shi har ya zauna a ƙasa.

"Aboki, ina ka samo tukunyar burkutun gwaggota? Duk bikin da anka yi a ƙauyenmu tun ina yaro, cikinta aka dafa."

Wayyo! Ban taɓa sanin liman yana da sauri haka ba. Ya zaro kai yana a'uzubillahi, yana neman buta ya wanke gemu. Da ya samu numfashi ya ce, "Malam Jibo, wagga aba ba ta kwana gidan Musulmi. Fitar da ita."

Jibo ya shafa cikin tukunyar ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ta tuba. Tun da ta shigo gidan nan ko ɗigo ba ta sha ba. Mutum ma in ya tuba karɓarsa ake yi."

Magaji ya share hawaye ya ce to a ba shi ya mayar da ita bakin aikinta, tunda lafiyarta lau. Jibo ya ce shi ma bai isa ba. Liman da Magaji suka fita tare, kowa da abin da ya nema bai samu ba, tukunya ta shiga ɗaki da sunan 'yar Ngaski.

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, wasu samari biyu suka zo daga Birnin Kebbi cikin farar mota. Sun ji labarinsa, suna neman aron kayan gargajiya da za a nuna wa baƙi. Jibo ya sa aka dama musu fura, ya shiga da su ɗaki, ya ba su tarihin kowace tukunya har ƙafafunsu suka yi sanyi. Da suka kawo maganar aro, ya gyara tsayuwa.

"Ita jihar taku, shekararta nawa?"

"Ko shekara ba ta yi ba, Baba."

"To jinjiri zan ba tukunya? Ku bari ta yi wayo."

Suka koma da ƙoshin fura.

Sau ɗaya Kulu ta ci nasara, shi ma da shawarata. Jibo ya tafi Bida, zafi ya yi zafi, na ce mata ke dai kin cika tsoro, jawo 'yar Shanga mu cika ta. Muka cika. Kai, jama'a, ruwan randar nan har haƙori yake kamawa! Kulu ta sha ta sha, ta kira maƙwabta suka sha. Da aka ce yana hanya muka juye ta, muka shanya ta a rana, muka mayar da ita daidai kan gurbinta, har ƙura muka yayyafa mata. Ya dawo ya shiga zagayensa. Muna tsakar gida muna jin ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sai aka yi shiru. Aka sake ƙwas. Ya leƙo.

"Kulu, 'yar Shanga ta yi mura. Wa ya ba ta ruwa?"

Kulu ta ce, "Ni ce. Na sha, na ƙara, ko yau na mutu na more."

Ya dube ni. "Ke kuwa Tumba, na san da hannunki, don Kulu ba ta da wannan sharrin ita kaɗai."

Washegari ya sayo kwaɗo ya garƙame ɗakin, ya rataya ɗan makulli a wuya tare da laya. Kulu ta koma wa bokitinta.

Cikin damina ya rasu. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, ya cika da hantsi. An kwana ana ruwa, gari ya jiƙe sharkaf. Muna zaune cikin gida da Kulu, mata sun cika tsakar gida, an gama wanka an yi sutura. Sai ga Sani, babban ɗansu, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula. Kun san in an sa mutum a kabari, sai an jera itace a bisa, ko a raba tukwane biyu a kikkifa, a liƙe da laka, don kada ƙasa ta zubo masa. To masu haƙa sun aiko cewa itacen da aka tanada bai isa ba, maginan tukwane kuma suna hayin rafi, rafin ya cika ba ya ƙetaruwa.

Sani ya ce, "Inna, tukwane ake nema." Ya dubi ƙofar ɗakin tukwane.

Kulu ta tashi ta ɗauko makullin inda masu wanka suka ajiye shi, ta buɗe ɗakin. Na bi ta. Na zaci za ta ce a kwashe duka a huta. Sai na ga ta tsaya tana dubawa. Ta ce ba wannan ba, bakinta ya cika ƙanƙanta. Ta ce waccan ma a bar ta, bai cika sonta ba, kunyar mai ita ta sa ya saya. Ta ware manya-manyan, waɗanda ya fi daɗewa a gabansu, tana goge kowace da bakin zanenta kafin ta miƙa. Ashe duk shekarun nan tana lura.

Da samari suka ɗauka ta ce wa Sani, "Ku kai su can ku fasa. Kada a fasa inda zan ji."

Aka tafi da shi, tukwanensa na biye a kan samari. Muka zauna. Kulu ba ta yi kuka ba, sai jan carbi take tana amsa gaisuwa. Bayan azahar maza suka dawo, Sani ya shigo da laka har gwiwa, ya durƙusa gabanta.

Ta ce, "Sun ishe shi?"

"Sun isa, Inna. Daga kai har ƙafa. Ƙasa ba ta taɓa shi ba."

Ta gyaɗa kai. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Tumba, kin ga mutumin nan? Tun ina yarinya nake roƙon ɗaya tak ta yi aiki a gidan nan, ya hana. Yau ga shi ya kwashi masu kyan ya yi amfani da su shi kaɗai. Marowaci!"

Dariya ta kuɓuce mini a gidan makoki, ita ma ta fara, mata suna kallonmu. Ba ta kai ƙarshen dariyar ba ta kifa kai a cinyata. Na riƙe ta, nawa hawayen na zuba a kan kallabinta, don ni ma na rasa abokin faɗa.

Allah Ya jiƙan Jibo, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa makwanci Ya sanyaya shi. Kulu kuma Allah Ya ba ta haƙuri. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.