Filafili na Takwas

A ranar tara ga wata na biyar, ana tsakiyar dashen shinkafa, Pei Shoutang, mai kula da keken iskar ƙauyenmu na Haidun, ya rasu yana da shekara saba'in da ɗoriya. An yi masa jana'iza yadda ya kamata. Amma tun ranar na kasa zama wuri ɗaya, kuma ba baƙin ciki kaɗai ne dalili ba.

Yaya Pei, kai ka fi kowa sanin asalin keken nan. Kakanninmu masunta ne, su takwas. Da teku ta janye ta bar musu ƙasa, kowannensu ya kwance filafilin jirginsa, wato babban ƙyallen da iska ke tura jirgin ruwa da shi, suka kafa dogon ginshiƙi a tsaye, suka rataya filafilan kewaye da shi. Duk ta inda iska ta taso sai ta juya su, su juya haƙoran katako, haƙoran su ja sarƙar alluna mai hauro da ruwa zuwa gonaki. Har yau kowane gida da filafilinsa, shi ke ɗinke shi idan ya yage.

Ban manta ranar da na kawo namu cike da faci ba. Ka ɗaga kai ka ce, "Ƙane Kuang, filafili ne wannan ko wandon kakanka ka shanya?" Na ce, "Wandon ma ya fi gemunka tsabta." Washegari na tarar ka warware ɗinkina duka ka sake, ba ka ce da ni komai ba. Haka ka yi wa Inna Shao shekarar fari, bayan rasuwar mijinta: ka karkatar da rabon ruwanka zuwa gonarta, taka shinkafar ta bushe, ka ce da ma irin ne ba shi da kyau.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ɗanka Jinbao ya sauke filafilin gidanku, domin a ƙona shi tare da tufafinka bisa al'adarmu, ranar rakiya ta ƙarshe da ke tafe, ya bi ka can. Na je na same shi. Ya ce, "Baffa, so kake ya isa wurin kakanni hannu rabbana? Mutumin da bai taɓa wuni babu igiya a hannunsa ba?" Gaskiya ya faɗa, kuma ƙauna ce ta sa shi.

Sai dai keken da ya saura da filafili bakwai ɗingishi yake yi. Nauyi ya koma gefe guda, ginshiƙin yana cin dutsen da yake zaune a kai. Daga tsakar gidana ina jin kukansa, in zauna, in miƙe, in leƙa. Idan ya karye, gonakin gabas, waɗanda ruwan injin lantarki ba ya kai musu, za su rasa dashen bana, har da ta Inna Shao. Sabon filafili kuwa sai an rina shi da ɓawon itace an shanya, kuma shuka ba za ta jira ba.

Mai Sama ya jiƙanka, Yaya Pei. Kakanni su karɓe ka hannu biyu, hanyarka ta yi haske. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Inna Luo, da Jinbao, da jikokinka duka.

Daga ƙarshe, cikin girmamawa, ina roƙon haɗin kan gidajen nan takwas. Gobe da hantsi kowane gida ya kawo sandunan gora da farar takarda gindin keken, mu haɗa wa marigayi filafilin takarda cikakken girma, wanda za a ƙona ya tafi da shi. Jinbao, ɗana, ka taho da na tufa, ka mayar da shi kan keken da hannunka. Ni ba zan taɓa ɗinkin ba. Mahaifinka ya san aikina, zai warware.