Rabin Saiti a Tabkin Cokali

Reino Halonen ya rasu yana da shekara tamanin da ɗaya, kuma a iya sanina bai taɓa fara gaida mutum ba. Shekara arba'in da huɗu muna maƙwabtaka a gaɓar Tabkin Cokali, nan arewacin Minnesota, saboda haka idan na ce mutumin yana da wuyar zama, ba ji na yi a bakin wani ba.

Gajere ne mai kauri. Ya yi aiki a ramin haƙar ƙarfe har dutse ya cinye masa yatsu biyu na hannun hagu, daga nan ya koma kafinta da bazara, da hunturu kuma yana kamun kifi ta ramin da ya huda a ƙanƙarar tabki. Zai kifa bokiti ya zauna, ya juya wa iska baya, ya juya wa mutane baya. Idan ka huda raminka kusa da nasa, sai ya taso ya leƙa ramin naka, ya tofa yawu a gefe, ya koma kan bokitinsa. Ni kuwa "ɗan Sistoci" yake kirana, don a makarantar mishan ta gaɓar arewa na yi karatu, inda Sistoci suka koya mana ja layi da rula ba tare da hannu ya karkace ba. Daga baya na yi shekara talatin ina jan sarƙar awo wa ma'aikatan safiyo.

Abu ɗaya ne mai taushi a jikin Reino, shi ne yadda yake ɗago kirofi. Kifin nan mai faɗi leɓensa kamar takarda yake. In ka fizga, ƙugiya ta yage shi, ya koma. Reino yakan jawo zaren da yatsunsa uku a hankali, kamar mai ɗaukar jariri, bakinsa kuwa yana zagin kifin.

Duk rayuwarsa ta ƙare ne a kan rami ɗaya, ramin kamun kifi na mahaifinsa Jalmar.

A kan tabki babu alama. Dusar ƙanƙara ta yini ɗaya ta isa ta shafe sawu da rami. Don haka saiti ake yi. Ka zaɓi abu biyu a gaɓa, ɗaya kusa ɗaya nesa, ka yi ta tafiya har na kusa ya rufe na nesa. Wannan layi ɗaya ke nan. Ka sake zaɓar wasu biyu a wata gaɓar. Inda layukan biyu suka haɗu, nan za ka huda. Layi ɗaya shi kaɗai mil ɗaya da rabi ne na farar ƙanƙara, ba komai ba ne.

A shekarar 1949 Jalmar ya gano wani tarin gumagumai da suka nutse tun zamanin masu saran katako, inda kirofi ke taruwa. Yakan dawo da bokiti cike, kowane kifi ya kusa faɗin faranti. 'Ya'yansa biyu, Reino da ƙanensa Arvo, suna can ramin ƙarfe a lokacin, kuma tsohon yakan cike ramin da dusa kafin ya taso. Sannan a 1951 Arvo ya harbe karen Reino, ya ce ya zaci kyarkeci ne. Daga ranar suka daina cin abinci a tebur ɗaya. Da ciwon ajali ya kama Jalmar bayan shekara biyu, ya kira su ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowanne layi ɗaya. Lissafinsa shi ne dole su fita tare. Bai san 'ya'yansa ba.

Shekara ashirin da shida suka yi, kowanne yana ɓoye nasa rabin. Tun da wanda ya huda ramuka a kan layinsa ya tona kansa, sai kowanne ya riƙa huda ramukan ƙarya nan da can, yana satar kallon ɗan'uwansa. Gidan Arvo yana gaɓar gabas, na Reino yana kudu. Idan suka haɗu a tsakiya, kowa a tabkin yana ji.

"Yaya, yau ma ruwa kake wa gadi? Kada a sace shi?"

"Je ka nemi karen wani ka harba, makaho."

"Mu ga bokitin. Kai! Wannan kifi ne ko koto? Mayar da shi wajen uwarsa."

"Lempi ta san ka fito? Maza koma kafin ta zo da ludayi."

Lempi matar Arvo ce. Reino bai yi aure ba.

A watan Agusta na 1979 tsawa ta faɗa wa doguwar bishiyar fayin da ke gaban gidan Arvo, ta tsaga ta gefe guda. Lempi ta ce ba za ta ci gaba da kwana ƙarƙashinta ba. Arvo ya sa ranar Asabar ta biyu a watan Janairu, lokacin da ƙanƙara ta yi kauri, don a kayar da ita kan tabki. Ya roƙe ni in zo in riƙe igiya.

Tun da labarin ya fita Reino ya canza. Ya je kanti yana cewa doka ta hana saran irin wannan bishiya. Ya ce gaggafa na sheƙa a kanta, alhali kowa ya san ko hankaka ba ya sauka. Ya zo gidana, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya a ƙofa.

"Ɗan Sistoci, gaya wa wancan sakaran bishiyar za ta faɗa wa rufinsa."

"Na auna, Reino. Tabki za ta faɗa."

"Kai da awonka!" Ya buga ƙofar ya tafi.

Ranar Asabar gari ya waye tas. Arvo ya riga ya tayar da injin zarto, sai muka hango Reino yana tsallako tabki da ƙafa. Ya iso gemunsa duk ƙanƙara. Arvo ya kashe injin.

"Lafiya, Yaya? Ko ɓata ka yi?"

"Bar bishiyar nan."

"Taka ce?"

"Na ce ka bar ta."

"Ambrose, ja igiya," Arvo ya ce da ni, ya kama igiyar tayar da injin.

Reino ya dube ni, ya dubi Lempi da ke bakin ƙofa. Muƙamuƙinsa yana motsi kamar mai tauna tsakuwa. Sannan ya faɗa, da ƙarfi, kamar zagi:

"Kan bishiyar nan ya rufe gicciyen cocin mishan na kan tudu. Layina ke nan. Ka ji daɗi? In ka sare ta, ramin Baba ya tafi."

Arvo ya ajiye zarton a hankali. Na zaci murna zai yi. Dariya ya yi, mara daɗin ji.

"Ramin Baba ya tafi tun 1961, jaki. Nawa layin bututun hayaƙin ɗakin wankan tururinka ne. Wanda ka rushe ka shuka dankali a wurin."

Reino ya tsaya kamar an dasa shi. "Shekara goma sha takwas kana huda ramuka ba ka da layi?"

"Ina huda don in ga kana wahala."

"Me ya hana ka magana ranar da nake rushewa?"

"Abin da ya hana ka magana har yau da safe."

Ni ne na sa baki, kuma har yau ina tunanin da na yi shiru. Na ce ai abin mai sauƙi ne: a bar bishiyar, a ɗaure ta da waya ta ƙarfe, Reino kuma ya kafa doguwar sanda daidai inda bututun yake a da. Arvo ya yarda. Amma da Reino ya tambaye shi mene ne bututun yake rufewa, abin nesan, sai Arvo ya ɗaga kafaɗa.

"Kai ka faɗi naka don kanka. Ni ban yi alkawari ba. Kafa sandar, in na kama zan aiko maka da kawunan."

Washegari Reino ya kafa sandar, ya ɗaura mata jan ƙyalle. Na wuce na gani. Na yi wanka a ɗakin tururin nan sau da yawa zamanin Jalmar, kuma ni na auna iyakar filin: daga rijiya zuwa bututun taku goma sha ɗaya ne. Sandar tana taku goma sha bakwai. Kuskuren taku shida a gaɓa, a tsakiyar tabki ya kusa taku ɗari. Reino ya ga ina ƙirga sawuna. Ya zuba mini ido. Ban ce komai ba, ga shi ko ga Arvo. Sistoci sun koya mana cewa irin wannan shirun ma ƙarya ce, kuma na san haka a lokacin.

Arvo ya fita ranar Litinin, ya yi saitinsa, ya huda. Yini guda ya kama ƙananan kifaye huɗu masu zane, irin waɗanda ake ba kyanwa. Ranar Talata da sassafe Reino ya je ya tsaya kan ramin da Arvo ya bari, ya dubi jan ƙyallen. Bayan ƙyallen daidai, ga dogon rumbun gonar Lindqvist. Shi ke nan ya samu abin nesan ba tare da an gaya masa ba. Ya dawo gida ya jera itacen wuta, tsibi mai tsawo, daidai taku goma sha ɗaya daga rijiya. Yanzu layi biyu suna hannunsa.

Sai dai bai iya zuwa ba. Saiti yana son gari a washe, a ga gicciye, a ga rumbu. Ranar da gari ya washe kuwa, tagar kicin ɗin Arvo tana kallon tabkin gaba ɗaya, in Reino ya je wurin ya nuna masa ke nan. Arvo ya daina fita tun wannan makon, ya ce gwiwoyinsa sun gaji, kuma Baba ƙarya ya yi musu. Ya sayi madubin hangen nesa, ya ja kujera bakin taga. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta yana nan da kofin kofi. Ranar da dusa ke zuba taga ba ta ganin komai, amma Reino ma ba ya ganin alamunsa.

Hunturu bakwai aka yi haka. Reino yakan zauna kan bokitinsa can nesa da ramin, yana kama ƙanana, lokaci lokaci ya ɗaga hannu mai yatsu uku ya yi wa tagar daƙuwa. Wani lokaci mukan ga labule ya motsa.

Arvo ya rasu a watan Fabrairu na 1986. An yi masa addu'a a cocin Lutheran da ƙarfe goma sha ɗaya, ranar da sama take shuɗiya ba ko gajimare. Kujerar ɗan'uwa a gaba ta zauna wofi. Da muka fito na hango ɗigo ɗaya baƙi a tsakiyar tabki, inda ban taɓa ganin kowa ya zauna ba. Ban tsaya cin abinci ba, na sauka da takalman cocina.

Na same shi da kirofi goma sha tara a kan dusa, manya, irin waɗanda ban sake gani ba tun ina saurayi. Yana jawo na ashirin a hankali.

"Zo, ɗan banza, zo," yake ce wa kifin. Bai dube ni ba. "An gama rera waƙoƙin?"

"An gama."

"Ɗauki bokitin."

Na zaci gida za mu. Gabas ya nufa. A gindin bishiyar fayin, wadda har lokacin take ɗaure da waya, ya jera kifin ɗaya bayan ɗaya a kan dusa, kawunansu suna kallon tagar kicin. Ya ja da baya ya riƙe ƙugu.

"To, fito ka gani, makaho!"

Ƙofa ta buɗe. Lempi ce, ta dawo ɗaukar faranti, da baƙar rigarta. Ta dubi kifin, ta dubi Reino.

"Wa kake nuna wa, Yaya? Mun baro shi a coci."

"Yana gani. Bai taɓa barin tagar nan ba."

"Ka san me ya zaunar da shi a nan?" ta ce. "Gwiwarsa lafiya lau take. Ya san ka matsar da sandar. Tun ranar ya sani, a ɗakin tururin da ka rushe aka yi masa wanka yana jariri. Ya ce ba zai roƙe ka ba, amma in dai yana da ido, kai ma ba za ka ci kifin Baba ba. Shekara bakwai ban samu an kai ni ko wajen 'yata da hunturu ba, saboda ku biyu da raminku."

Reino ya daɗe yana kallon tagar. Kujerar tana nan, madubin yana kan dakalin.

"Ɗan iska," ya ce a ƙarshe, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ashe gadina yake yi."

"Kwashe kifinka daga ƙofata," Lempi ta ce, ta rufe.

Bai kwashe ba. Ni na tattara su na kai zauren coci, matan suka soya wa baƙi da yamma, ba wanda ya tambayi inda suka fito. Reino ya tsallaka tabki shi kaɗai. A cikin wannan makon ya fara ɗibar itacen nan na tsibi yana hura murhu, kafin ƙanƙara ta narke ya ƙone shi duka. Ya tumɓuke sandar ma. Ya yi wasu hunturu goma sha ɗaya yana fita, kullum can gefe inda ya saba, yana kama ƙanana, yana tofa yawu kusa da ramukan baƙi. Tagar tana da labule a rufe, amma na sha ganin ya ɗaga mata hannun nan.

Bishiyar tana nan, gicciyen yana nan, rumbun Lindqvist ma yana nan ko da yake ya yi tsatsa. Rijiyar ce sababbin masu gidan suka cike suka yi wajen ajiye mota a kai. Na san taku goma sha ɗaya ne, amma yanzu babu inda zan fara ƙirgawa.