Ruwan da Takarkari Ya Ɗauko

A shekarar da aka rufe babban kanal domin gyara, ba wanda ya yi noman rani a wajenmu. Tun daga Kura har Bunkure, gonakin da muka saba gani shar da tumatir da albasa suka zauna fayau, ƙasa ta tsattsage. Masu sauran ƙarfi suka tafi ci-rani, wasu birni, wasu Kudu. Ni ban je ko'ina ba. Shekaruna sun ja, mai ɗakina ta riga ta koma ga Mahaliccinta, 'ya'yana kuma kowa yana gidansa a Kano.

Abin da ya rage mini shi ne kurmi. Wani guntun daji ne a bayan garinmu wanda noma bai cinye ba, har hukuma ta keɓe shi. Muna da ƙungiyar sa-kai mai kula da shi. Mu hana sara, mu share gefensa saboda gobara, mu raka masu bincike in sun zo. Wata malama daga jami'a ta kawo mana dashen itatuwan da suka fara ɓacewa a ƙasarmu, maɗaci da kanya da ƙirya da ɗorawa, tana son ta ga wanne zai kama. Ni aka ba aikin rubuta sunan kowane dashe da ajami a guntun kwanon rufi, tunda shi yawancinmu muke karantawa. Duk Juma'a kuma in auna tsayinsu da sanda, in aika mata da saƙon murya.

A ƙarshen daminar da ta gabaci rufe kanal, shanun wani makiyayi mai ruga a gefen kogi suka karya shinge, suka cinye layi guda na dashen. Aka kai magana gaban mai unguwa. Makiyayin bai yi gardama ba. Aka yanke cewa zai riƙa ba sauran dashen ruwa har sai ƙungiya ta ce ya isa. A wajenmu ɓarna ba ta mutuwa sai wanda aka yi wa ya furta da bakinsa. A lokacin kowa ya ɗauka hukunci ne mai sauƙi, domin ƙaramin kanal yana wucewa ta gindin kurmin.

Sai aka rufe kanal, ruwa ya ɗauke. 'Yan ƙungiya suka watse ɗaya bayan ɗaya, shugabanmu ma ya tafi dako a kasuwar birni. Malamar ta daina zuwa, ta ce kuɗin aikinsu ya tsaya, amma in ci gaba da aiko awon. Na wayi gari ni kaɗai ne ƙungiyar.

Na zaci makiyayin zai ga hanya ta buɗe ya yi tafiyarsa. Wata safiya ina zaune ƙarƙashin tsamiyar bakin kurmi, sai ga shi yana jan takarkari, jarkoki rataye gefe da gefe. Daga rijiyar da suka tona cikin yashin kogi ya ɗebo, tafiya mai nisa.

Ya ce, "Malam, ina sauran Haɓen da suka kai ni ƙara?"

Na ce, "Sun tafi neman abinci, mai sanda. Ni suka bari in tsare ka."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai? Ko ɗan maraƙina ba za ka tsare ba."

Haka muka fara. Shi ya zuba, ni in tara ƙasa a gindin dashe in rufe da bunu don kada rana ta shanye. Ba mai yawan magana ba ne, amma in hantsi ya yi sai mu zauna a inuwa, ya kwance goran nono, ni in fito da ƙuli-ƙuli. Yakan tsokane ni cewa ina yi wa itace rubutu kamar zan sa shi makarantar allo. Nakan ce ai gara itacen, shi ba ya gudu in an ɗauko bulala. In azahar ta riske mu can, mu yi alwala da ragowar ruwan jarka, ya tsaya a damana.

Gidana a wannan ranin shiru ne ƙwarai. Maƙwabciya ce ke aiko mini da tuwo, in ci ni kaɗai, in wanke kwanon in ajiye a bakin zaure. A masallaci sahu ɗaya ma ba ya cika. Akwai ranakun da in aka cire sallama da amsa ta, ban yi magana da kowa ba sai wannan mutumin. Na kai ga ina gane sautin jarkokinsa tun yana bayan gonaki.

Da bazara ta tsananta, na lura takarkarin ya rame, haƙarƙarinsa duk a waje. Na tambaye shi sauran shanun. Ya ce ƙannensa sun daɗe da kora su Kudu, iyalinsa ma sun bi. Sun sami wuri, ba za su dawo ba, domin burtalin da suke bi zuwa ruwa duk ya zama gona. Shi da wannan sa ne kawai suka rage a rugar.

"To me ya zaunar da kai?"

"Maganar da aka yi gaban mai unguwa. Ba a ce ya isa ba."

Ya faɗe ta ne kamar mai faɗin farashin gishiri, bai roƙe ni komai ba. Ya dai ƙara da cewa in ruwan sama ya sauka can Kudu, rafuka za su cika, mutum ɗaya da sa mai rauni ba za su ƙetare ba.

Na koma gida da maganar a ƙirjina. Na kira shugabanmu, ya ce cikin hayaniyar kasuwa, "Malam, kai ne a wurin, duk abin da ka gani." Na aika wa malamar, ta amsa cewa ita ba ta da ikon riƙe kowa, dashen da ya mutu ma ilimi ne a wajenta. Magana ta dawo kaina. Na san in ya tafi ba zan iya ɗaukar jarka daga kogi ba, wasu dashen ba za su ga damina ba. Na kuma san ba dashen kaɗai nake ji ba. Na yi kwanaki ina kai kawo, ina roƙon Allah Ya nuna mini daidai, alhali daidai ɗin a fili yake.

Ranar da na yanke shawara, na bar shi ya gama zuba ruwan har layin ƙarshe. Muka zauna, muka sha nonon, wanda yanzu a wata ruga yake samowa, rabinsa ruwa ne. Gabas ta ɗan yi duhu, iska mai ɗumi tana kaɗa busasshen ganye.

Na ce, "Mai sanda, miƙo hannunka."

Ya miƙo yana kallona.

"Da yawun ƙungiya nake magana. Abin da shanunka suka ci, ka biya. Ya isa. Ba ma bin ka komai, duniya da lahira."

Ya daɗe bai saki hannuna ba. Can ya ce, "Ba shaida, Malam."

"Allah Yana nan."

Ya gyaɗa kai. Ya tashi ya kwance jarkokin daga bayan takarkarin, ya jera su a gindin tsamiya, ya ce nauyi za su yi masa a hanya. Na ce Allah Ya kai shi lafiya, Ya haɗa shi da iyalinsa. Ya ce amin, ya ce ni ma in yafe masa tsokana. Sannan ya ja sansa suka bi ta cikin busasshen kanal, inda tafiya ta fi sauƙi.