Faretin Sallamar Saje

Kafin gari ya gama wayewa, Saje ya riga ya ɗaura ƙafarsa ta roba. Mu maƙwabtansa a bariki ba ma buƙatar agogo, ƙwas-ƙwas ɗinsa a baranda ya ishe mu. Daga nan sai fili, inda yake koya wa kurata gane nakiya a ƙasa, yana zazzaga musu faɗa kamar su suka binne ta.

A bakin daga ya bar ƙafar hagun. Direban rundunarsu, wanda aka yi abin a idonsa, ya ce Saje ne a gaba da nakiyar ta tashi. Yaransa suka zabura za su ɗauko shi, yadda kowane soja zai yi wa ɗan'uwansa, kuma abin da mai binne nakiya yake jira ke nan. Yana kwance cikin jini ya daka musu tsawa: "Kada kowa ya matso! Ku koma ta kan sawunku." Da gwiwar hannu ya ja jiki har ya iso gare su. Da aka bincika wurin daga baya, nakiyoyi ne birjik.

Makon jiya aka yi faretin sallamarsa. Kwamanda ya sa aka kawo keken guragu, don likita ya ce dungulmin ba zai jure zagayen fili ba. Matarsa ma ta roƙe shi: "Baban yara, ka hau mana. In ka faɗi a gaban kuratanka fa?"

Ya ce, "Sai su ga yadda ake tashi."

Mai ganga ya tausaya masa, ya rage saurin kiɗa. Saje ya galla masa harara, kiɗa ya koma daidai. A tsakiyar fili ya yi tangaɗi. Ya cije, ya miƙe, ya taka har gaban kwamanda, ya ƙame ya sara. Yaran nan nasa na bakin daga, da suka zo da iyalansu, suka ɓarke da tafi. Ni kam kuka na yi, ban ɓoye ba.

Kai ne namijin duniya, Saje. Kai ne ka hana a cece ka don 'ya'yan wasu su koma gida. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Duk wanda aka ba amanar mutane, ya zo ya koya a wurinka. Keken nan kuwa, haka aka tura shi sito babu kowa a kai.