Na Hana a Yi wa Jikana Allurar Baƙon Dauro

Ni tsohuwa ce daga wani ƙauye kusa da Nasarawa Burkullu. Ban yi boko ba, sawa na yi a rubuta mini, amma kowace kalma tawa ce. A wancan zamani, muna ƙarƙashin Sakkwato ba a yi Zamfara ba, ni ake kira idan baƙon dauro ya shiga gida. In goya yaro jikinshi duk ƙuraje, mu kwana tabarma ɗaya, in tashi garau. Har rugar Fulani an sha zuwa ɗaukata. Sai na sa wa raina jinin gidanmu ne ciwon ke tsoro, kuma ba a ɗaki nake faɗa ba, a bakin rijiya nake faɗa.

Matar ɗana ta haifi ɗanta na fari, namiji, ni kuwa na ce na yi sabon miji. Bai fara zama ba ciwon ya share unguwarmu, yaran maƙwabta duk kwance, shi ko tari bai yi ba. Kun ga na samu abin nuni. Da shekara ta zagayo masu allurar rigakafi suka zo daga Bukkuyum da akwatin ƙanƙara. Uwar yaron ta ɗauko mayafi, ta ce Inna ko za a kai shi. Na ce ba mai huda mini miji, ubanshi ma da wace allura na raine shi. Ɗan fari ne, ko sunanshi ba ta faɗa saboda kunya, balle ta ja da ni a kanshi. Ta ninke mayafin ta koma ɗaki.

Ba a jima ba ciwon ya dawo, ya fara ta kan mijin nawa. Zazzaɓi, tari, ido ya rufe ruf. Duk abin da na sani na yi, bai ji ba. A bayan motar hatsi na kai shi asibiti, yana numfashi a ƙirjina kamar ɗan tsako.

Malamar da ta karɓe mu Kirista ce daga wajen Jos. Ba ta yi mini faɗa ba, ni ce ma na fara yi mata kurin jinina. Ta yi dariya ta ce Baba, in tambayi manyana, na taɓa yin ciwon ina ƙarama. Ta ce a cikin jinin kowa akwai masu tsaro, ciwo in ya shigo sau ɗaya suka yi yaƙi da shi, sun riƙe kamanninshi ke nan. Amma wannan sani ba a gadonshi. Jariri na fitowa da na uwarshi ne, aro, kafin ya yi shekara ya ƙare. Allurar kuwa ciwon ne aka raunana, a nuna wa masu tsaron yaro su gane shi tun bai zo da ƙarfi ba. Daga baya yayata ta tabbatar na yi ciwon ina ƙarama, ta ce har an fidda rai da ni.

Allah ya tashe shi, amma hakiya ta zauna a idonshi na hagu. Uwar ba ta taɓa goranta mini ba, wannan ya fi zagi ciwo. Yau magidanci ne, in ya kawo mini goro sai ya ce da ido ɗaya ma yana ganin na tsufa, zai sake ni. In ce ya je, wa za ta kwashe shi.

'Yan'uwana kakanni, ƙarfin da ke jikinki naki ne, da jinya kika saye shi, ba ya sauka kan jika. In uwar yaro ta ɗauko mayafi, ki karɓi yaron ki wuce gaba.