Masu Aboboya a Makokin Uwar Masta

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, amma ranar da muka zauna sulhu da mai kamfanin ruwan leda, wannan kam sai dai a binne ni da ita. Ko yanzu in ta faɗo mini ina zaune bayan salla, sai na yi istigfari, domin dariya ce ke taso mini.

A lokacin ina tuƙa aboboya, wato babur mai ƙafa uku da ake lodin kaya a bayansa. Muna da yawa, galibinmu 'yan Zango, muna rarraba ruwan leda a cikin Kumasi. Mai kamfanin mutumin Asante ne, ƙato mai fara'a, muna kiransa Masta. Ranar da ya ɗauke ni ya miƙo mini takarda da Turanci, na rubuta sunana da ajami a ƙasanta. Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya ce ya yi kyau. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Daga yau kai ubangidan kanka ne. Kai ba ma'aikacina ba ne, abokin cinikina ne."

Na koma gida ina taku kamar wanda ya sayi jirgi. Na gaya wa matata na zama ubangidan kaina. Ta ce, "To, ubangida, yaushe ka ce wa kanka ka fita gobe?" Na ce Masta ya ce da an idar da asuba. Ta ci gaba da tuƙa tuwonta. Sai bayan shekaru na fahimci wannan tambayar tata.

Aboboyar ta Masta ce, rigar da muke sawa tasa ce, hanyar da za ka bi shi ke zaɓa maka. In ka makara a ci ka tara. Juma'a ma sai ka nemi izini. Amma ranar da taya ta fashe, ko zazzaɓi ya kayar da kai, nan take ka koma ubangidan kanka.

Ana nan sai mahaifiyar Masta ta rasu. Wanda ya san Kumasi ya san makokin Asante ba irin namu ba ne, da ake sallar gawa a kai ta makwanci a ranar. Su sukan daɗe suna shiri, a kafa rumfuna, a sa ja da baƙi, kuma ana auna girman mutum da yawan jama'ar da ta zo dominsa. Masta yana da wa a Turai, wanda dangi suka fi ji da shi, abin kuwa ya daɗe yana ci masa rai. Sai ya ɗinka mana riguna masu hoton tsohuwar a ƙirji, ya ce duk wanda bai zo ba ya ajiye makullin aboboya.

Babbanmu wani dattijo ne ɗan Buokrom, kowa Baba yake ce masa. Mutum ne mai tsananin tsoron ƙarya. In ya ce maka rana ta yi zafi, sai ya leƙa waje ya tabbatar. Shi ya ja gaba. Muka jero aboboya ta wajen Manhyia, fadar sarkin Asante, muna danna hon, mata suna guɗa, yara suna bin mu da gudu. Mai sanarwa ya ɗaga murya a lasifika ya ce ga mutanen ɗan marigayiya sun iso. Masta ya karɓi lasifikar yana share hawaye, ya nuna mu ya ce duk waɗannan nasa ne. Wan nasa na Turai, da abokansa da ba su cika benci ɗaya ba, sai kallon ƙasa yake yi. Ban taɓa ganin mai makoki cikin farin ciki irin na Masta a ranar ba.

Ba a daɗe ba birki ya tsinke wa Baba a Sofoline, aboboya ta kife da shi, ƙafarsa ta karye. Likita ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, in ba haka ba ba zai sake taka ta ba. Baba kuwa da wannan ƙafa yake ciyar da gidansa. Muka je wa Masta. Ya girgiza kai ya ce wallahi ya tausaya, amma ai Baba ubangidan kansa ne. Ya aika masa da ruwan leda buhu ɗaya.

Akwai wata lauya 'yar unguwarmu, na san ta tun tana biyo mahaifinta masallaci. Ta tara mu ta ce doka ba ta duba sunan da aka laƙa maka, wanda ke juya ka take dubawa. Ta ce in mutum ɗaya ya kai ƙara za a murƙushe shi, amma in muka shigar da ƙara ɗaya da sunan kowa, har da waɗanda suka bar aikin, dole a saurare mu. Muka yarda. Kafin a kai ga shari'a sai aka ce mu gwada sulhu a gaban wata tsohuwar alƙaliya mai ritaya, ita ma 'yar Asante. Lauyarmu ta ja mana kunne, ta ce kada wanda ya buɗe baki.

Lauyan Masta ya iya magana, Allah ya ba shi. Ya ce mu masu zaman kanmu ne. Ya ce duk abin da muka taɓa yi wa Masta haya ce: a kira mu, mu yi, a biya mu, kowa ya kama gabansa. Masta yana ta gyaɗa kai kamar bai taɓa ganin fuskokinmu ba. Na dubi ƙafar Baba a ɗaure, zuciyata ta karaya.

Sai Baba ya ɗaga sandarsa sama. Lauyarmu ta harare shi, bai ma gan ta ba. Ya ce da harshen Twi, "Madam, mepacho, don Allah, ni ba gardama zan yi ba, tambaya ce. Tunda duk abin da muka yi masa haya ce, ranar makokin Maame, mahaifiyarsa, ma hayarmu ya yi ke nan? Domin ni na gaya wa mutanen Zango mun je ne a matsayin mutanensa. In haya ce, a faɗa mini in je in gyara maganata. Ba na son in mutu da ƙarya a bakina."

Wallahi Baba ba dabara ya shirya ba, abin ne ya dame shi. Alƙaliyar ta cire tabarau a hankali, ta dubi Masta ta ce, "Ei! Ɗana, hayar 'yan makoki ka yi wa uwarka?"

Masta ya miƙe har kujera ta faɗi. Lauyansa yana jan gefen rigarsa, ya fizge. Ya ce, "Haya? Ni? Wa ya ce haya? Ma'aikatana ne, duk Kumasi ta sani! Ni na ɗinka musu riga, ni na ba su umarni, da wani ya ƙi zuwa da na kore shi! Ko masallaci ba sa zuwa sai na ce su je!"

Alƙalamin lauyarmu sai gudu yake yi a kan takarda. Lauyan Masta ya rufe jakarsa, ya ce a taimaka masa da ruwa. Wani daga bayanmu ya ce, "Akwai a aboboya, oga, buhu nawa za a kawo?"

A zaman nan aka gama sulhu. Masta ya amince mu ma'aikata ne, ya ɗauki nauyin aikin ƙafar Baba, aka sa mana hutu da kuɗin fansho, waɗanda suka bar aikin ma kowa ya sami rabonsa. Da aka yi wa Baba aiki, Masta ya zo asibiti ina wurin. Ya ce, "Baba, ka kashe ni." Baba ya ce, "Masta, ni tambaya na yi." Masta ya rage murya ya ce, "To in na mutu za ku zo?" Baba ya ce, "In Allah ya so, kuma ba haya ba."

Baba yana takawa yanzu, da ɗan ɗingishi, amma har yau yana riga mu sahun gaba. Ni kuwa da na koma gida na ce wa matata na zama ma'aikaci, sai ta ce, "Alhamdu lillahi, an yi maka ƙarin girma."

Abin da na koya shi ne, wanda ya ce kai nasa ne ranar da yake son a ga jama'arsa, to ranar da ka faɗi ma kai nasa ne, kuma haƙƙin da mutum ɗaya ba zai iya karɓowa ba, jama'a na iya karɓo shi da yardar Allah. Yanzu duk yaron da ya zo mini da murna wai an ce shi ubangidan kansa ne, sai in yi masa addu'a, sannan in tambaye shi wa ya ce masa ya fita gobe da asuba.